Ali Farka Ture, manomin da jitarsa ta zaga duniya

Jama'a, ku saurari wannan kiɗan jita da kyau. Wanda bai sani ba zai rantse daga bakin kogin Misisipi na Amurka ya fito. To, daga bakin kogin Neja ne, a ƙasar Mali, kuma mai kaɗa shi Ali Farka Ture.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, yankin Tumbuktu. Shi ne ɗa na 10 a wurin mahaifiyarsa, sauran duk sun koma tun suna jarirai. Ɗan wabi ke nan. Iyayensa suka yi masa laƙabi da Farka, wato jaki, saboda juriyarsa da taurin kansa. Gidansu ba na makaɗa ba ne, amma yaron ya nace. Ya fara da kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya ɗaya, ciki har da njarka, wadda ta yi kama da kukumar da muka sani.

A 1956 ya ga Fodeba Keita na ƙasar Gini yana kaɗa jita, sai ya ɗauko salon waɗancan kayan gargajiya ya ɗora a kanta. Daga baya da ya ji faifan John Lee Hooker, mawaƙin bulus (blues), wato wani salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, kunnensa ya ji kiɗan gida. A ganinsa, saiwa da gindin wannan kiɗa suna Afirka, reshe da ganye ne suka tsallaka teku tare da bayin da aka kwasa. Shi ya sa bai bar harsunan ƙasarsa ba: Songhai, Fulfulde, Tamashek da Bambara.

Faifansa da Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka, wato Talking Timbuktu na 1994, ya samu lambar yabo ta Grammy. Abin da ya fi burge ni shi ne, da suna ya zo, mutumin nan ya koma gonarsa ta shinkafa a Niyafunke, garinsu da ke yankin Tumbuktu. A 2004 aka zaɓe shi magajin gari, ya sa kuɗin aljihunsa ya gyara hanyoyi, ya haƙa magudanan ruwa, ya riƙa sayen man injin da ke ba garin wuta.

Grammy ta biyu ta zo a Fabrairun 2006, kan faifan da ya yi da Tumani Diyabate, gwanin kora, wani abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya da yawa. A watan Maris cutar daji ta ƙashi ta yi ajalinsa a Bamako. Allah ya jiƙansa. Ɗansa Vieux Farka Ture ne ke riƙe da jitar yanzu.