Darasi: Yadda ake shan amlodipine, maganin hawan jini

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ga wani kwali a hannuna, bari in matso da shi ku gani. A jikinsa an rubuta amlodipine, a ƙasa kuma 5 mg. Wani kamfanin yana kiransa Norvasc, wani ya ba shi wani sunan, amma in kun duba ƙananan rubutun za ku tarar da amlodipine ɗin ne dai. Sunan nan nake so ku riƙe, domin launin kwali yana canzawa, sunan maganin kuwa ba ya canzawa.

Ku ɗauki jijiyar jini kamar tiyon ruwa. In ka matse bakin tiyo, ruwan zai fito da ƙarfi. Haka jini yake yi in jijiyoyin suka tsuke: zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi, bangon jijiyoyin ya yi ta shan wahala, ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa su yi ta lalacewa a hankali. Aikin ƙwayar nan shi ne ta hana sinadarin kalsiyam shiga naman da ke kewaye da jijiyoyin, sai su saki, hanya ta buɗe, ƙarfin jinin ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini in an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama da haka. A rahotonta na 2023 ta ce wajen mutum huɗu cikin biyar masu ciwon ba sa samun maganin yadda ya kamata. Ni kuma a abin da nake gani a wurin aiki, da yawansu maganin yana nan a ɗakinsu, shan ne ba daidai ba.

To, a nan nake so mu ɗan daɗe. Hawan jini ba ya ciwo. Mutum zai iya yawo da 170 bisa 100 yana aikinsa, yana raha, bai ji komai ba. Saboda haka duk wanda ya ce sai ya ji kansa na sarawa zai sha magani, ya mai da shi maganin ciwon kai, alhali ba haka aka yi shi ba. Amlodipine a hankali yake taruwa a jiki. Sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita daga jini, kuma sai an yi kwana bakwai zuwa takwas ana sha kullum kafin ya zauna daram. Shi ya sa sau ɗaya a rana ya isa, shi ya sa kuma shan yau, a bari gobe, a sha gata ba ya tsinana komai.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Ya zo awo, na naɗa masa abin awon a damtse, aka samu 128 bisa 80. Ya yi murna, ni ma na taya shi. Bayan wata huɗu 'ya'yansa suka kawo shi bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Da na tambayi 'yarsa, sai ta ce, "Ai Baba ya ce kun ce ya warke." Har yau maganar nan tana damuna, domin da na ƙara masa jimla ɗaya ranar, da wataƙila ba a kai haka ba. Jimlar ita ce wannan: awo mai kyau alama ce maganin yana aiki, ba alamar a daina ba ce. Yawancin masu hawan jini za su ci gaba da sha ne tsawon rayuwa, kuma ragewa ko canzawa aikin likita ne.

Ku zaɓi lokaci ɗaya, safe ko dare, ku tsaya a kai. Da abinci ko ba abinci, duk ɗaya ne, a haɗiye da ruwa. In ka manta kuma ka tuna kafin awa 12 ta wuce, ka sha. In ta wuce, ka bar ta, ka jira lokacin gobe. Kada ka haɗa biyu don rama bashi. Yawanci ana farawa da 5 mg, tsofaffi ko masu ciwon hanta a fara musu da 2.5, kuma ba a wuce 10 mg a rana.

Sai abin da ya fi sa mutane jefar da maganin: kumburin ƙafa. Ka cire takalmi da yamma, ka ga sawun igiyarsa kwance a bayan ƙafar. Ka danna babban yatsa a saman idon sawu, ka ɗaga, ka ga ɗan rami ya tsaya kafin ya cike. Wannan sanannen abu ne a amlodipine, ya fi yawa a kan 10 mg, kuma mata sun fi samunsa. Dalili shi ne ƙananan jijiyoyi sun buɗe, ruwa yana tsattsafowa cikin nama. Don Allah kada ka je ka sayi maganin ƙara yawan fitsari da kanka, sau da yawa ba ya kawar da irin wannan kumburin, sai dai ya tsotse ka. Ka ɗaga ƙafafu in ka zauna, ka koma wurin likita, zai iya rage maganin ko ya haɗa da wani. Amma in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, ko kumburin ya zo da haki, wannan ba na jira ba ne.

Ciwon kai, ɗumin fuska, jiri, faɗuwar gaba, suna iya zuwa a kwanakin farko, yawanci kuma su wuce. In za ka tashi daga kwance, ka fara zama a bakin gado tukuna. Wasu dasashinsu yana kauri, su kula da wanke baki, su sanar da likitan haƙori abin da suke sha.

Abu na gaba, magungunan da ake haɗawa da shi ba a sani ba. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha don ciwon gwiwa da baya, suna iya ɗaga jini kuma su taɓa ƙoda in aka daɗe a kansu. Maganin mura mai pseudoephedrine yana tsuke jijiyoyi, wato kishiyar aikin ƙwayarmu. Clarithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana sa amlodipine ya taru a jini har mutum ya ji jiri. Mai shan simvastatin don rage kitsen jini bai kamata ya wuce 20 mg ba in yana kan amlodipine. Ba sai kun haddace ba. Ku tattara duk abin da kuke sha, har da na ganye da saiwa, ku zuba a jaka, ku zazzage a gaban likita ko mai ba da magani.

'Yan uwana mata, in kina da juna biyu ko kina shirin samu, ki faɗa tun kafin a rubuta miki komai. Akwai magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da ke cutar da ɗan da ke ciki. Shi ya sa ba a aron maganin miji ko na maƙwabciya, ko da awonku ɗaya ne.

In kana da na'urar awo a gida, ka zauna minti biyar shiru, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Ban da magana, ban da sigari minti 30 kafin awon. Ka auna sau biyu, ka rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi. Littafin nan ya fi taimakon likita fiye da awo ɗaya da aka yi maka kana cikin fargabar asibiti.

In kuwa ka ga 180 bisa 120, ka huta minti biyar ka sake. In bai sauka ba, ka nemi likita a ranar. In akwai ciwon ƙirji, ko haki, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ɓarin jiki ya mutu, kada a ƙara masa ƙwaya a zauna jira, a kai shi asibiti nan take. Haka in leɓe ko harshe ya kumbura. Haka kuma in yaro ya haɗiyi maganin, ko da ƙwaya ɗaya ce, ko da yana ta wasansa, domin sai bayan awoyi jininsa zai iya faɗuwa. A tafi da kwalin a hannu don a san abin da ya sha da yawansa.