Me Ya Sa Fuskokin Dangi Ke Fitowa Baƙi Ƙirin a Hoton Sallah?

[Hoton dangi a ƙofar gida, kowa da fararen kaya]

Ku dubi wannan hoton da kyau. An taso daga Legas, wasu daga Abuja, wasu tun daga Maraɗi, an haɗu a gidan Kaka a Kano ranar Sallah. Mutum ashirin da wani abu, kowa ya ci ado. Shadda ta fito fes, har zaren aikin wuyan riga za ka iya ƙirgawa. Sararin sama ya fito tas. To ina mutanen? Sai haƙora da fararen idanu.

Duk bayan Sallah sai Facebook da TikTok su cika da wannan ƙorafi. Wani ya ce wayarsa ce ta tsufa, wani ya ce ai sai mai megafiksel ɗari da takwas, wani kuma ya ɗora laifin a kan ƙanensa da ya riƙe wayar. Ƙanen dai yana da ɗan laifi, amma ba wanda ake zarginsa da shi ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin wayar. Kafin ka danna, kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta haɗa shi wuri ɗaya, ta nemi tsaka-tsaki. A wajenta duniya ruwan toka ce: ba fari ba, ba baƙi ba. Masu sana'ar hoto suna da wani kati mai ruwan toka da ke mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, kusan nan ne ma'aunin kyamara yake son komai ya tsaya. Yanzu ku ƙirga abin da muka ajiye mata a gaba. Fararen riguna goma sha biyar masu sheƙi. Katangar da aka shafa wa farin fenti jiya saboda Sallah. Rairayin ƙofar gida. Rabin hoton kuma sama ce da ranar ƙarfe goma sha ɗaya. Kyamara ta ga wannan sai ta ce haske ya yi yawa, bari in rage. Tana ragewa farar riga ta zauna daidai, fuska kuwa, wadda tun asali ta fi rigar duhu nesa ba kusa ba, ga kuma inuwar hula da ta goshi a kanta, sai ta faɗa rijiya.

Idonka ba ya yin haka, shi ya sa abin yake ba ka mamaki. Ido yana kallon riga ya daidaita, ya koma fuska ya sake daidaitawa, cikin ƙiftawa. Kyamara sau ɗaya take zaɓa. Wayoyin yanzu suna ƙoƙari, suna gane fuska, suna haɗa hotuna da yawa a abin da suke kira HDR. Kan mutum ɗaya ko biyu a kusa, abin yana aiki. Amma idan ka ja baya taku takwas don kowa ya shiga, kowace fuska ta koma kamar ƙwayar gyaɗa a allo, sai fararen kaya su rinjaye ta.

[Hannu riƙe da waya, an matso da allon kusa]

To ga matakin da mutane ke kuskurewa, a nan za mu daɗe.

Da yawa idan suka ga duhu sai su jawo saman allo su ƙara hasken waya. Wannan hasken allon ne kawai, don idonka. Ko ka kai shi ƙarshe, hoton da za a adana bai canza ko kaɗan ba. Batir ɗinka kawai ka ƙona.

Wasu sun san a taɓa fuska. Madalla. Ka taɓa, ɗan akwati ko da'ira ta fito, fuska ta washe. Sai Goggo ta ce a dakata autanta bai shigo ba. Ka sauke hannu, ka sake ɗagawa, wayar ta manta da abin da ka gaya mata, ta koma awonta na farko. Ka danna ba ka lura ba. Hoton nan na farko da muka gani, haka aka yi shi.

Abin yi shi ne ka taɓa ka riƙe. Ɗora yatsa a fuskar wanda ke layin tsakiya, kada ka ɗaga, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. A iPhone za ka ga rubutu mai ruwan ɗorawa a sama, AE/AF LOCK. A yawancin wayoyin Android ɗan kwaɗo ne zai bayyana a jikin da'irar. Ma'anarsa awon haske da saitin gani sun kulle a wurin, ko ka motsa ba za su sauya ba. Me ya sa layin tsakiya? Domin kaifin hoto yana bazuwa gaba da bayan inda ka saita. Idan ka kama tsakiya, na gaba da na baya duk sun samu rabo.

Bayan ka kulle, dubi gefen akwatin, akwai 'yar alamar rana. Ja ta sama a hankali. Ku kalli yadda fuskar Kawu ke fitowa: ga goshi, ga furfurar gemu, ga tabarau. Ci gaba... tsaya. Kun ga abin da ya faru da rigar? Aikin wuya ya ɓace, ya zama farin fili kamar takarda. Mun wuce gona da iri. Dawo da ita ƙasa kaɗan, har zaren ya sake bayyana. Iyakarka ke nan: fuska ta fito, aikin riga bai ƙone ba. Idan wayarka tana da sashen ƙwararru, za ka ga EV, wato ma'aunin ƙara ko rage haske, da lambobi, galibi daga -2 zuwa +2. Kowace lamba ɗaya ninki biyu ne na haske. Ga taron fararen kaya, fara da +0.7, ka duba, in bai isa ba ka kai +1.

Kuma kada ka yanke hukunci kana tsaye a rana, allo yana ruɗi a can. Shiga inuwa, buɗe hoton, faɗaɗa fuska biyu ko uku da yatsu, sannan ka sallami mutane. In ka sallame su tukuna, tara su kuma sai wata Sallar.

Wani lokaci za ka ja alamar ranar sama da ƙasa, babu inda fuska da riga suka yi sulhu. Wannan ba matsalar yatsa ba ce kuma. Tazarar da ke tsakanin hasken rigar da duhun fuskar ta fi ƙarfin kyamarar, ko ta miliyan nawa ce. Mutanen za ka matsar.

[An kwashe kujeru ana komawa gefen katanga]

Inuwa ake nema, amma ba kowace ba. Ƙarƙashin darbejiya yana da daɗin zama, sai dai rana tana ratsa ganye ta zuba wa kowa dabbare-dabbare a fuska, mutum ya fito kamar damisa. Cikin zaure kuma duhu ya yi yawa, wayar za ta jinkirta ɗauka, yaran da ba sa tsayawa wuri ɗaya su zama hayaƙi. Wadda ake so ita ce inuwar katanga ko bakin rumfa, inda babu rana a jiki amma akwai buɗaɗɗiyar sama a gaban fuska. Da safe bayan an sauko daga Idi rana tana gabas, don haka inuwar tana yammacin gini. Jera su a nan, bayansu ga bango, fuskarsu ga fili, kusa da bakin inuwar, ba can ciki ba. Kai kuma ka sunkuyar da waya kaɗan ka cire sama daga hoton. Sama ba 'yar gidanku ba ce, ba sai ta fito ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Miƙa hannunka, ka kalli bayan hannun, ka juya a hankali a inda kake tsaye. Inda fatar ta yi haske sumul, babu ƙyalli babu duhu, fuskoki za su kalli inda bayan hannun ke kallo. Idan har yanzu ƙasan ido da duhu, a samu yara biyu su riƙe farin zanin gado a rana, a gaban mutanen, ta yadda zai mayar musu da haske. Filashar waya kuwa ku bar ta ta huta; bayan taku biyu ba ta da wani tasiri da rana tsaka.

Mafi sauƙi duka, a jira bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, rana ta yi laushi ta sauko gefe. Matsalar kawai, zuwa lokacin miyar taushe ta riga ta gaisa da gaban rigar yara. Lokacin hunturu kuma hazo yana yi maka rabin aikin, yana tace rana kyauta, sai dai ƙura: goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin kowane hoto. Da yawa daga cikin hotunan da ake cewa sun yi dishi-dishi, maiƙon yatsa ne daga naman Sallah.

Sauran dabarun mu bi su a guje.

Jeri: Kaka a kujera a tsakiya, manya gefenta, dogaye a baya, yara a tabarma. Kada ka danna 0.5, maɓallin da ke ƙara faɗin abin da kyamara ke ɗauka, don kowa ya shiga. Waɗanda ke gefe za su faɗaɗa, kuma Anti ba za ta yafe maka ba. Bar shi a 1, ka ja baya da ƙafarka. Ɗauki biyar ko shida a jere, domin a mutum ashirin dole wani ya rufe ido. Kai ma ka shiga: jingina waya a kan turmi, sa agogon daƙiƙa 10, ka ruga.

A hanya, cikin mota ko jirgin ƙasan Idu zuwa Rigasa, wanda ke bakin taga shi ne hotonka, hasken taga yana zuba a gefen fuskarsa. Dabarar ɗaya ce: kulle a fuska, bar waje ya yi fari. In wajen kake so, manna waya da gilashi don kada hoton cikin mota ya dawo maka. Shingen jami'an tsaro kuwa, mayar da waya aljihu.

Wajen kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, kowa dawakai yake ɗauka, kuma hotunan kusan iri ɗaya ne. A ganina wanda ya fi daraja shi ne ka juya baya ka ɗauki ƙanwarka a wuyan Baba, baki buɗe, lokacin da 'yan bindigar Sarki suka saki wuta. Mai babbar kyamara da ke son doki a guje ya sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa. Don jerin dangi layi uku, ya sa buɗin idon kyamara a f/8.

Ka tambaya kafin ka ɗora. Akwai matan gidan da sun yarda a ɗauka don gida, ba su yarda a sa a intanet ba, kuma wannan haƙƙinsu ne.

[Allon WhatsApp, zauren dangi]

Turawa. Idan ka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi ya rage masa nauyi, kuma wuraren duhu, wato fuskokin da ka sha wahala a kansu, su ne ke fara lalacewa. Danna HD, ko mafi kyau ka tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda yake. Ka ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma tare da saƙonninka na Gmail ake cin sa, bidiyon hawa yana cinye shi da wuri. Sannan ka zaɓi guda ɗaya, wanda Kaka ta kalli kyamara, ka kai a wanke shi kafin ku kama hanyar komawa. Ka gaya wa mai wankewa kada ya ƙara masa fari. Wasunsu suna da hannu, sai su mayar maka da dangi kamar an shafe su da hoda. Inci 8 da 10 ya isa a rataye a ɗakinta, sama da jeren kwanuka.