Ziyarce-ziyarcen da suka yanke makomar Sudan tun kafin a zauna teburi

Jama'a assalamu alaikum, 'yan uwa na Mai Wurno, Gadarif, Kasala, Omdurman da duk inda kuke kallonmu. Kowa ya san ranar 1 ga Janairu 1956 aka ɗaga tutar Sudan, amma maganar gaskiya an gama rabin aikin ne tun 1952, a cikin jirgi da ɗakunan baƙi, wa ya je wurin wa, kuma wa ya riga wani zuwa.

Tun 1899 ƙasar nan a takarda ta Ingila da Masar ce su biyu, a aikace kuwa Bature ne ke juya komai daga Khartoum. Masar kullum maganarta ɗaya, Kogin Nilu ɗaya ne to ƙasa ma ɗaya ce, har a 1951 aka kira Sarki Faruk sarkin Masar da Sudan. Turawa kuma sai su fake da cewa a'a mu muna kare haƙƙin 'yan Sudan ne su zaɓi abinda suke so. Da wannan maganar suka daɗe suna rufe bakin Masar.

Sai ga juyin mulkin sojoji a Masar a Yuli 1952, Janar Muhammad Najib ya hau, mutumin da a Khartoum aka haife shi, ya yi karatu a nan, ya san shugabannin nan ciki da waje. To ku lura da yanda aka jera tafiye-tafiyen. A Oktoba Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, uban Ansar, wato mabiya Mahdi, wanda da yawa cikin kakanninmu suka yi noma a gonakinsa na Jazira Aba, ya tafi Landan ya ga Anthony Eden, ministan harkokin wajen Ingila a lokacin, a hanyar dawowa kuma ya biya Alƙahira. Najib ya karɓe shi hannu bibbiyu ya ce masa Masar ta yarda 'yan Sudan su zaɓi makomarsu, ko haɗewa da Masar ko cin gashin kai. Shikenan fa, hujjar Turawa ta faɗi, don mutumin da suke ganin nasu ne ya sa hannu da Masar. A can dai Najib ya tara jam'iyyun da ke son haɗewa suka dunƙule wuri ɗaya ƙarƙashin Isma'il al-Azhari.

Saura Kudancin Sudan, inda Turawa ke cewa dole gwamnansu na Khartoum ya riƙe iko na musamman. Sai Masar ta tura Manjo Salah Salim, ɗaya daga cikin sojojin juyin mulkin, ya zaga can, ya zauna da sarakuna, har aka ɗauki hotonsa ya tuɓe riga yana rawa da 'yan ƙabilar Dinka, jaridun Ingila suka yi ta masa dariya suna kiransa manjo mai rawa, alhali shi sa hannun mutane yake tarawa. Ranar 10 ga Janairu 1953 jam'iyyun Arewa suka amince da matsayin Masar, ranar 12 ga Fabrairu Ingila ta sa hannu, riƙon ƙwarya da ba zai wuce shekara 3 ba sannan a zaɓa.

Ziyara kuma tana iya juyewa. Najib ya zo Khartoum ranar 1 ga Maris 1954 buɗe majalisa, Ansar suka fito da yawan gaske suna cewa ba ruwansu da haɗewa, aka yi arangama aka rasa rayuka, dole aka ɗage bikin ya koma gida.

Abinda ke min ciwo shine duk zaman Alƙahira ba ɗan Kudu ko ɗaya, wai don ba su da jam'iyya. An je an yi rawa da su amma ba a ba su kujera ba. A Agusta 1955 sojojin Kudu suka yi bore a garin Torit, kuma da majalisa ta ayyana 'yanci ranar 19 ga Disamba, alƙawari kawai aka yi wa 'yan Kudu cewa za a duba maganar tarayya, ba a kuma cika ba.