Amsoshin Tambayoyinku: Gidan Tarihin da Ake Barin Baƙo Ya Taɓa Kaya

Masu sauraro barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani malamin makaranta ce. Ya ce ya ji ana gina gidajen tarihi na birane inda baƙo ke taɓa kaya da hannunsa, alhali shi abin da ya sani shi ne kallo daga nesa. Yana tambaya: yaya ake yi kayan ba sa lalacewa?

To malam, salon ya daɗe. Deutsches Museum da ke Munich a Jamus, wanda Oskar von Miller ya kafa a 1903, ya yi suna wajen barin baƙi su danna maɓalli su juya na'ura. A 1969 kuma Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Francisco ta Amurka a kan wannan turba.

Dabarar ita ce a raba kaya gida biyu. Na asali yana cikin akwatin gilashi, wanda ake taɓawa kuma kwafinsa ne da aka yi da gangan don hannu. Dalili kuwa, gumin yatsa yana ɗauke da gishiri da maiƙo, suna cin ƙarfe da tagulla, suna bar wa takarda tabo. Ko ma'aikatan gidan sukan sa safar hannu kafin su ɗauki kayan ƙarfe.

Haske ma ɓarna yake yi a hankali. Tsohon yadi da rubutun hannu da fatar da aka rina ba a ba su hasken da ya wuce lux 50, wato ma'aunin ƙarfin haske, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Laimar iska ana riƙe ta kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In ta haura 65 ta daɗe a haka, hunhuna za ta fara kama kaya. In ta yi ƙasa sosai, itace ya tsage, fata ta bushe ta kakkarye. Shi ya sa ba a sa allon kwamfuta a cikin akwatin kayan asali, don zafinsa yana dagula wannan ma'auni.

Wata mai sauraronmu kuma ta yi ƙorafin cewa sau da yawa takan tarar da allon kwamfuta na taɓawa a gidan tarihi a mace. Malama, kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Yawanci ƙura ce ke toshe kafar iskar na'urar, ta yi zafi ta kashe kanta. Wani lokaci ɗaukewar wuta ce ke lalata abin da ke ciki, don ba a haɗa ta da batirin ko-ta-kwana ba. Akwai kuma kuskuren dogaro da intanet. Maganinsa shi ne a ajiye hotuna da bidiyo a cikin na'urar kanta, a kulle ta yadda yaro ba zai iya fita daga shirin ba. A ganinmu, duk gidan da bai ware kuɗin gyara na kowace shekara ba, gara ya rage yawan allunan tun farko. Bidiyo kuma kada ya wuce minti biyu ko uku, mutum a tsaye yake kallo. Maɓallan kada su wuce tsayin santimita 120 daga ƙasa, domin yara da masu keken guragu su kai.

Tambaya ta ƙarshe a kan naɗar muryoyin dattawa ce. A nemi izininsu a rubuce, a rubuta ranar naɗi da wurin, a ɗauka a ɗaki marar hayaniya, sannan a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini dabam. A wurin baje koli kuma a sa abin sauraro na kunne, in ba haka ba muryoyi su cakuɗe, baƙo ya kasa jin ko ɗaya.