Baƙar Ash: Bishiyar da Itacenta ke Ɗagowa Shekara-Shekara

Jama'a, barkanku da yamma. Bishiyar da za mu duba yau ba ta ƙasarmu ba ce. Ana ce mata baƙar ash, masana kuwa suna kiran ta Fraxinus nigra. Gidanta gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, kuma babu jihar da ta kai Minesota yawanta.

'Yar fadama ce. Inda ruwa ke kwanciya wata da watanni, wasu itatuwa su ruɓe, nan take jin daɗi. Tsawonta bai cika wuce mita 20 ba, kuma kowane ganye na da ƙananan ganyaye 7 zuwa 11 manne da kara. Ɓawonta laushi gare shi, ka murza da tafin hannu sai ya riƙa zuba.

To, ku dubi wannan gunduwar da ke kan allo. Kun ga zobban nan? Kowane ɗaya shekara guda ce. Itacen da take yi a farkon bazara cike yake da ramuka, na bayansa kuwa tauri gare shi. Masu saƙar kwando na al'ummomin Ojibwe da Mohok da Penobskot, 'yan asalin yankin, sun daɗe da gano wannan. Sai su sare gungume, su ɓare, su bi shi da bayan gatari daga wannan kai zuwa wancan. Mai ramukan ya murƙushe, itacen ya ɗago falle-falle, kowane falle shekara ɗaya. Sannan a tsaga, a kankare da wuƙa, a saƙa. Ni dai a ganina, wanda ya fara gano haka ya cancanci a kira shi masani.

Sai dai bishiyar na cikin tasku. A 2002 aka gano wani koren buzuzu ɗan asalin Asiya kusa da birnin Ditiroyit na Amurka. Tsutsarsa ke shiga ƙarƙashin ɓawo, ta yi ta kwana-kwana tana cin hanyar abinci da ruwa, har bishiya ta bushe a tsaye. A 2017 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa.

Malam na baya yana tambaya, me zai hana a dasa wata? Ai baƙar ash ɗin ce ke zuƙe ruwan fadamar ta fitar ta ganye. In ta mutu ruwa ya ƙaru, ciyawa ta mamaye wurin, ɗan dashen ma da wuya ya kama.