Ƙirƙirarriyar Basira da Yaron da Aka Bari a Baya

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, barkanmu da haɗuwa.

Kafin mu taɓo na'ura, bari mu fara da inda ciwon yake. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kusan yara bakwai cikin goma 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu kuwa kullum suna cikin aji. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030.

Malamin da ke gaban aji cike maƙil, dole ya bi manhajar karatu. Yana koyar da rabawa, alhali wani yaro a bayan aji ko ɗebewa bai iya ba. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, jama'a. An wuce shi ne tun shekarun baya, babu wanda ya lura. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, kuma a nan nake ganin ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam, za ta yi rana.

Ku dubi abin da ya faru a birnin Delhi na Indiya. An gwada wata manhaja mai suna Mindspark a cibiyoyin karatu na bayan makaranta. Aikinta shi ne ta yi wa yaro tambayoyi, ta gano ainihin inda ya tsaya, ta lura da irin kuskuren da yake maimaitawa, sannan ta ba shi darasin da ya dace da shi, ko da na aji biyu ne ƙasa da nasa. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa cikin wata huɗu da rabi yaran sun zarce takwarorinsu da ba su yi amfani da ita ba sosai a lissafi da harshen Hindi. A lura kuma, a cibiyoyin akwai mai koyarwa da ke zama da su rukuni-rukuni.

Ƙasar Peru fa? Ta raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa. Da aka auna a 2012, ba a ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Kaya sun iso, amma darasi bai canja ba.

Tun da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi a rubuce, ta fito a ƙarshen 2022, an shiga wani sabon yayi. Tana iya taimaka wa malami tsara darasi da shirya tambayoyi, ta rage masa wahalar dare. Sai dai tana shirga kuskure cikin kyakkyawan lafazi, yaro kuwa ba zai gane ba. Ta kuma fi ƙwarewa a Turanci fiye da harsunan da yaranmu ke tunani da su. A 2023 UNESCO ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irinta a aji.

Saboda haka duk gwamnatin da aka kawo wa tallan irin wannan manhaja, ina roƙonta ta tambaya: tana aiki inda babu lantarki da intanet? Bayanan yaran, a hannun wa za su zauna? Nawa aka ware don horar da malamin da zai riƙe ta? Idan kasafin bai ambaci malami ba, kada a sa hannu.

Nan zan dakata, a buɗe fagen tambayoyi.