Yara da Injin Juya Katako: Aikin da Ke Tsayar da Iyaye Kusa da 'Ya'yansu

Assalamu alaikum, masu kallo. Abin da kuke gani yana juyawa a gabanku guntun katako ne mai kusurwa huɗu, wanda aka matse tsakanin tsinin ƙarfe biyu a kan injin juya katako, kuma kafin mu yi nisa zai zama katantanwar wasan yara. Wannan aiki ya sha bamban da sassaƙar da muka saba gani wajen masu turmi da akushi. Masassaƙi yakan dafe itace wuri ɗaya ya riƙa sara da gizago, amma a nan itacen ne ke gudu kamar mazari a hannun mai kaɗi, ƙarfen yanka kuwa yana kwance a kan majingina, ana matsar da shi sannu a hankali har siffar da ake nema ta fito. Da irin wannan injin ne kafintoci ke yin ƙafafun kujera da na gado masu ado.

A Amurka da Birtaniya wannan sana'a ta zama abin sha'awa da mutane ke yi a garejin gida bayan an tashi daga aiki, kuma iyalai da dama suna yin ta tare da 'ya'yansu da jikokinsu. Ƙungiyar masu juya katako ta Amurka, wato AAW, wadda aka kafa a 1986 kuma take da mazauni a birnin Saint Paul na jihar Minnesota, tana da rassa fiye da 300, kuma a babban taronta na shekara-shekara takan ware ajujuwa domin yara daga shekara 10 zuwa sama. Yaro ba ya zuwa shi kaɗai, sai tare da babban mutumin da ya yi rajista, kuma a ƙarshen taron wasu yaran kan koma gida da ƙaramin injin da suka koyi aiki a kansa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna wajen koyar da yara mace ce, Bonnie Klein, wadda ta ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin inji kuma ta shahara da yin katantanwa masu zane. A Birtaniya ma ƙungiyar masu juya katako ta ƙasar, wato AWGB, wadda aka kafa a 1987, tana shirya ranakun horar da matasa tare da tallafin tsohuwar ƙungiyar masu wannan sana'a ta birnin Landan, wadda Sarki James na ɗaya ya ba takardar izini tun 1604.

Abin da ya sa aikin ke kama zuciyar yaro shi ne saurin ganin sakamako. Wanda ya sa ɗan shekara 11 haɗa teburi ya san cewa awo da yanka da jiran gam ya bushe za su gajiyar da shi tun ba a kai rabi ba. A kan injin juyi kuwa, cikin zama ɗaya yaro zai ga kusurwoyin katako sun ɓace, ɓarɓashi yana tashi, abin da ke hannunsa ya yi sumul, sannan ya ɗauke shi ya kai wa mahaifiyarsa ko ya murza shi a ƙasa a gaban ƙannensa. Shi ya sa malamai ke farawa da ƙananan abubuwa, irin su katantanwa da marfin kwalba da jikin biro, waɗanda ba su da nauyin da zai ji wa mutum ciwo sosai idan suka kuɓuce, kuma ba asara ba ce babba idan suka lalace.

Tun asalinsa ma aikin na mutum biyu ne. A kabarin wani babban limamin Masar ta dā mai suna Petosiris, wanda aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki: ɗaya yana jan igiyar da aka naɗe a jikin itacen domin ya juya, ɗayan yana riƙe da ƙarfe yana yanka. Daga baya aka samo dabarar da mutum ɗaya zai iya shi kaɗai, kamar yadda har yau masu sana'a a kasuwar Marrakesh ta Maroko ke juya itace da baka a hannu ɗaya, suna saita ƙarfen da yatsun ƙafa. Duk da haka rabon aiki a cikin gida bai gushe ba. A garin Seiffen na Jamus, inda mutane suka koma yin kayan wasan yara bayan haƙar kuza ta ja baya, gwani yakan juya zoben katako wanda aka fitar wa siffa ta musamman, ta yadda idan aka yayyanka shi kowane yanki zai fito da surar doki ko saniya, sannan sauran mutanen gida su ƙarasa gyarawa da wuƙa, su shafa fenti. Ya kamata a faɗa cewa yaran wancan zamani talauci ne ya zaunar da su a kan wannan aiki, kuma abin da muke magana a kai yau daban ne, domin yaro ne ke yi da son ransa, ya daina sa'ad da ya gaji.

Yanzu bari mu dubi yadda darasin farko ke tafiya. Tsakiyar injin, inda katakon ke juyawa, ya kamata ta zo daidai da gwiwar hannun mai aiki, saboda haka yaro yana bukatar dakalin katako mai faɗi wanda ba ya girgiza, domin kada ya riƙa ɗaga kafaɗa ko miƙa wuya. Kafin a kunna wuta, sai a juya katakon da hannu zagaye ɗaya cikakke, a tabbatar ba ya taɓa majingina. Daga nan akwai matakai uku da kowane malami ke maimaitawa har su zauna a jikin ɗalibi: a fara kwantar da ƙarfen a kan majingina, sannan a bar bayan kaifin ya shafi katakon ba tare da ya yanka ba, sai a ɗaga ƙotar kaɗan har bakin ya soma ci. Idan aka tsallake mataki na biyu, bakin ƙarfen zai cije a cikin itacen da ƙarfi, ya fizgi hannu, ya bar rami, kuma wannan fizga ce ke tsorata yawancin masu koyo. A nan ne babba ke da aiki. Yakan tsaya a bayan yaron, ya ɗora hannunsa a ƙarshen ƙota, yaron kuma ya riƙe gaba, su yi yankan farko tare, har yaron ya ji a tafinsa bambancin ƙarfen da ke yanka da wanda ke kankara kawai. Kunne ma yana koyo, domin sautin katako mai kusurwa ƙwanƙwasa ne, idan ya zama zagaye kuma sai sautin ya daidaita. Wannan ilimi ba ya shiga ta kallon bidiyo, har da wannan da kuke kallo, sai da hannun wani a kan naka.

Haɗarin injin gaskiya ne, kuma ba na son a ɗauke shi da wasa. Duk abin da ke reto zai iya naɗewa a jikin katakon cikin ƙiftawar ido, kuma injin ba ya tsayawa don ya kama mutum. A 2011 wata ɗaliba a jami'ar Yale da ke Amurka ta rasa ranta bayan gashinta ya naɗe a injin juya ƙarfe a lokacin da take aiki da dare. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye saboda irin suturarmu. Babbar riga da kaftani mai faɗin hannu da mayafi da dogon hijabi ba su dace da gaban injin ba, haka ma sarƙa da awarwaro da carbi a wuya. Yarinya za ta iya aikin ba tare da ta bar suturarta ba, idan ta ɗaura kallabi ko ƙaramin hijabi ta cusa gefensa cikin rigar aiki mai matsattsen hannu. Safar hannu ma haramun ce a wannan wuri, domin idan injin ya kama ta, da hannun za ta tafi. Tabarau kaɗai bai isa ba, garkuwar da ke rufe fuska duka ake sawa, kuma babban ya fara sa tasa, tun da yaro abin da ya gani yake kwaikwayo.

Gudun injin yana da lissafi mai sauƙi wanda ɗan firamare zai iya yi, kuma yana da kyau a bar shi ya yi da kansa. Masu sana'ar a Amurka sukan ce idan aka ninka faɗin katakon da inci da yawan juyawarsa a minti ɗaya, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Ke nan katako mai faɗin inci 6 zai juya tsakanin sau 1,000 da 1,500 a minti, mai inci 12 kuma rabin haka. Dalilin shi ne gefen katako mai inci 12 da ke juyawa sau 1,500 a minti yana gudun da ya haura kilomita 80 a awa, kuma idan akwai tsaga a cikinsa, gutsuren da zai ɓalle da wannan gudun zai taho. Saboda haka ake duba itace sosai kafin a ɗaura, a fara da mafi ƙarancin gudu, kowa kuma ya kauce daga saitin katakon a lokacin kunnawa.

Ƙura ita ce illar da ba a gani nan take. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji tun 1995, musamman ta cikin hanci, kuma tana tayar da asma. Mafi yawanta lokacin goga samfefa take tashi, don haka a sa takunkumi mai tace ƙura, a buɗe tagogi, a kuma taƙaita gugar. Wasa ƙarfe a kan dutsen inji aikin babba ne har sai yaro ya girma.

Idan yaro ya kai shekarun samartaka, hankalinsa yakan koma kan akushi, kuma a nan aikin ke canza hali. Jijiyar itacen ba ta bin tsawon injin kamar a da, a gicciye take, don haka babban ƙarfen da ake fara rage kusurwa da shi bai halatta a kusantar da shi ga akushi ba, domin yana iya karyewa daga ƙota. Akwai kuma jira. Ɗanyen itace ya fi daɗin yanka, amma yana lanƙwashewa idan ya bushe, shi ya sa ake fara fafe akushin a bar kaurin bangonsa kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a ajiye shi watanni a inuwa, sannan a mayar da shi kan injin a ƙarasa. A wannan mataki sau da yawa matashi yakan fi uban da ya koya masa iya hannu, kuma uba mai hankali yakan ja baya ya koma riƙe makunni da ba da shawara. Wasu rassan AAW suna haɗa matasa cikin yin ƙananan akusa masu marfi domin shirin Beads of Courage, inda yaran da ke fama da doguwar jinya ke adana duwatsun ado da ake ba su bayan kowane mataki na magani.

Ga iyalin da ke son gwadawa a nan gida, ba lallai ne a fara da sayen inji ba. Ana iya yin magana da kafintan da ke da shi a unguwa, a nemi sa'a ɗaya a ranar da ba shi da cunkoso, uba ko uwa su fara koya kafin su kawo yaro. Sai dai a duba injin da kyau, domin da yawa ƙirar gida ne, bel ɗinsu a buɗe yake, kuma gudunsu ɗaya ne tak. Idan ba a iya rage gudun, a tsaya ga sirarin katako masu faɗin inci 2 ko ƙasa da haka, a sa a rufe bel ɗin, a kuma matso da makunni inda hannun babba zai kai gare shi ba tare da ya miƙa ta saman katakon ba. Rassan mangwaro da na darbejiya da aka sassabe sun isa koyo, matuƙar ba su da tsaga ko ƙusa a ciki.